A Dawo da Tsohon Direba

Ku samarin da kuke cika min benci da la'asar kuna danne-dannen waya, kada ku ɗauka ba na jin abin da kuke faɗa in na juya baya. Wai aikin Baba Pilot ba aiki ba ne, a danna nan, a danna can, a naɗe hannu a jira na'ura ta gama da kanta. Ban ji haushi ba, domin ni ma na taɓa ɗaukarsa haka, kuma sai da na kusa ɓatar wa wata baiwar Allah abin da ba a samu a kasuwa sannan na dawo hayyacina. Tunda kun ce in rubuta muku yadda na fara, to ga shi, sai dai ku yi haƙuri, ni ban iya ba da labari a miƙe ba.

Sunana na yanka Isufu. A nan Zongon Kwatano kuwa, in ka tambayi Isufu wurin mai tsire za a kai ka. Baba Pilot aka sani. Baƙi sukan zaci na taɓa tuƙa jirgi ne a filin jirgin Kajehun, har wani mutumin Nijar ya taɓa zuwa takanas in yi wa ƙaninsa hanyar aiki a can. Ni ko matakalar jirgi ban taɓa takawa ba. Aiki guda ɗaya ne ya jawo min sunan, kuma labarinsa nake so in ba ku, amma sai kun fara sanin hannun da ya rene ni.

Gyaran rediyo na fara koya, a wurin Baba Lawali, a wata rumfa bayan masu hatsi a kasuwar Dantokpa. Shekarar farko ban taɓa rediyo ba sai da tsumma. Aikina shara ne da ware ƙananan ƙusoshi daga manya. Baba Lawali ba ya zagi. In ka yi kuskure sai ya cire tabarau ya zuba maka ido, har ka gwammace ya mare ka ka huta. Yana da doka guda wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: duk abin da aka cire daga cikin rediyon mutum, ko da ya ƙone ƙurmus, ba a jefarwa. A gwangwanin madara yake sakawa, ya rubuta sunan mai shi da ajami ya liƙa. Sai mai rediyo ya yi wata guda yana saurare bai dawo da ƙorafi ba, sannan a zubar. Gwangwani ya fi rediyo yawa a rumfar nan. Wata rana na gaji da jera su, na tambaye shi amfanin ajiye mushe.

Ya ce, "Kai ne ka ce ya mutu. Rediyon bai ce ba tukuna."

Ranar da ya 'yanta ni, bikin da muke cewa liberasiyo, bayan an yi addu'a an ci shinkafa, ya miƙo min sukundireba mai ƙotar itace da gwangwani guda babu komai a ciki. Jama'a suka yi dariya, ni ma na taya su. Sukundireban yana nan a aljihun teburina har gobe. Gwangwanin kuwa ban san inda na yar da shi ba.

Kwamfuta siyasa ce ta kawo min ita. Da aka buɗe ƙasa aka koma jam'iyyu da zaɓe, kowa ya sami baki. Jaridu suka yi yawa, kowane ɗan takara yana son fuskarsa a bango, a jikin riga, a bayan mai zem, wato ɗan acaɓa. Masu hoto suka fara barin ɗakin duhu suna sayen kwamfutoci na hannu, irin waɗanda ake saukewa daga jirgin ruwa. A lokacin ina gyara wa wani gidan buga takardu a unguwar Ganhi fanka da wayoyin wuta, sai na riƙa tsayawa a bayan ma'aikata ina satar kallo. Ranar da wata kwamfuta ta ƙi tashi aka rasa mai ƙarfin halin buɗe ta, na ce a ba ni. Na kwance ta, na hure ƙura, na mayar da komai inda na same shi, ta tashi. Daga ranar aka ce Isufu ya iya kwamfuta, ni ma ban musa ba. Sauran abin a kan na'urorin mutane na koye shi, Allah ya yafe min waɗanda na ƙarasa.

Kayan aikin ba su da yawa. Sukundireba ƙanana, burushin goge haƙori, robar hura iska, mita, da jakar faya-fayai. Amma aikin da ya fi ba ni abinci ba a taɓa shi da ko ɗaya daga cikinsu. A cikin kowace kwamfuta akwai sashen da yake zana abin da kake gani a gilashi, a nan kart grafik muke ce masa. Manhajar da mai hoto yake gyara hoto da ita ba ta magana da wannan sashen kai tsaye. Akwai wani ɗan ƙaramin shiri a tsakaninsu da yake ɗaukar saƙo daga wannan ya kai wa wancan, shi ake kira pilot da Faransanci. In yana lafiya babu mai tunawa da shi. In bai jitu da manhajar ba kuwa, sai ka ja layi yanzu ya fito bayan ka ɗauke hannu, ko fuskar mutum ta rabu gida-gida baƙaƙe, ko manhajar ta rufe kanta babu sallama. Kwamfutar cinya ta fi rigima, domin kowane kamfani yana yi wa nasa pilot ɗin ɗinki daidai jikin na'urarsa. Wani jajibirin zaɓe an kawo min wadda take mayar da fuskar ɗan takara kore shar. Mutumin da ya kawo ta ya rantse 'yan adawa ne suka yi mata asiri. Na sauya pilot, fuska ta dawo, ya tafi yana shela wai na karya sammu. Ɗan takarar dai ya faɗi, amma babu hannuna a ciki.

Sai shekarar ɗauke wuta. Ku ba ku san ta ba. Wuta ta tafi tun hantsi, ta dawo da ƙarfin da zai ƙona duk abin da aka manta a jone. Masu hoto da yawa suka rufe shago, waɗanda suka rage ba su da abin gyara sai toka. Na koma gyaran tocila da fitilar caji, ni da nake taƙama da kwamfuta. Da abubuwa suka daidaita, aiki ya dawo da yawa lokaci guda, kuma shagunan intanet suka cika gari. A nan na lalace. Na zama mai sauri. Duk na'urar da aka kawo, sai in share tsohon pilot tas, in sauko da sabon da ya fito jiya, in miƙa wa mai ita kafin shayinsa ya huce. Sau tara cikin goma abin yana yi, shi ya sa na ɗauka na gama sanin sana'a.

A wannan halin nake Mesiye Tijani mai hoto ya sauka daga kan zem wata safiya, rungume da kwamfutarsa a naɗe cikin sallaya. Tijani yayana ne na unguwa. Shi ya ɗauki hoton aurena, inda ya fito da ni kamar wanda aka kama da akuyar mutane, kuma har yau ban bar masa zancen ba. Amma ranar na ga fuskarsa ba ta wasa ba ce.

"Isufu, na shiga uku," ya ce, yana nuna kwamfutar. "Ordi ta ƙi ni, kuma amanar mutane ce a ciki."

Na ba shi kujera ya zayyana min. Hajiya Memuna, mai atamfa a Dantokpa, wadda duk Zongo ake girmamawa, mijinta Alhaji Garba direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga Kwatano zuwa Yamai. Ya rasu a hanya tun 'yarsu tana goye. Hotonsa guda ɗaya ne a duniya, a cikin gilashi, kuma a daminar da ruwa ya shiga gidajen unguwa hoton ya kwana uku a cikin ruwa. Hajiya ta kai wa Tijani ko zai iya ceto shi. Ya ɗora takardar a kan na'urar ɗaukar hoto, ya shigar da ita kai tsaye cikin manhajarsa. Da ya zo ɗagawa, takardar ta manne, ta saɓule, ta zama kamar jiƙaƙƙen biredi a hannunsa. Abin da ya rage na Alhaji Garba shi ne abin da ya shiga kwamfuta.

Tijani ya yi sati biyu yana aiki a kansa. Ya goge tabon ruwa, ya cike inda ya ɓare, ya gyara hula da wuyan riga, ya wanke kwafi guda ya kai mata rumfa yana jin daɗin kansa. Hajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mutumin nan kyakkyawa ne, Allah ya ji ƙansa ko wane ne. Amma ba Alhaji ba ne."

Ya tambaye ta me ya bambanta, ta kasa faɗa. Hanci nasa ne, ido nasa ne, amma ba shi ba ne. Can sai ta ce a hankali, "Ko dai ni ce na manta fuskarsa, Tijani?"

"Wallahi Isufu," in ji Tijani, "da ta zage ni da ya fi min sauƙi."

Akwai mafita guda. Manhajar gyaran hoto tana aiki ne shimfiɗa-shimfiɗa, kamar yadda ake jera atamfa wata a kan wata. Asalin hoton da tabonsa yana can ƙasa, gyare-gyaren Tijani suna samansa. In aka ɗaga na sama, Hajiya za ta ga na ƙasa ta gane ko gyara ne ya ɓata, ko ƙwaƙwalwarta ce. Sai dai kafin ya yi haka, Tijani ya ɗauki kwamfutar ya kai shagon intanet don ya aika wa ƙanin marigayin kwafi a Yamai ya ji ta bakinsa. Na'urar nan tunda ta zo ƙasar ba ta taɓa shiga intanet ba. Tana shiga ta sauko da sabon pilot da kanta, babu wanda ta shawarta. Tun daga lokacin, da ya buɗe manhajar sai gilashi ya yi baƙi, ta rufe.

Na ce, "Yaya, ba ka ajiye asalin daban ba?"

Ya sunkuyar da kai. Na so in tsokane shi, na fasa.

Abu ɗaya na yi daidai, na kwafe hoton a wani wuri kafin in taɓa komai. Amma kwafin bai amfane ni ba. Manhajar Tijani tsohuwa ce, ta wani ƙaramin kamfani, a cikin na'urar ta zo tun daga Turai, babu faifanta, babu lambarta. Duk wata manhaja da na gwada, shimfiɗar sama kawai take nunawa, wato baƙon mutumin nan kyakkyawa. Fuskar Alhaji ta gaskiya ba ta buɗuwa sai a wannan manhajar, a wannan na'urar.

Sai na yi abin da na saba. Na ce a raina sabon pilot ɗin ne bai zauna daidai ba saboda guntattakin tsohon. Na share su duka, tsoho da sabo, na wanke wurin fes, na sauko da wanda ya fi kowanne sabunta na saka. Na buɗe manhaja, baƙi, ta rufe. A lokacin ne na tuna akwai wani maɓalli da yake mayar da na'ura kan pilot ɗinta na baya. Na je wurinsa da sauri, na tarar ya dushe, ba ya dannuwa. Awa guda kafin nan yana aiki. Da hannuna na share abin da zai koma gare shi.

Ban gaya wa Tijani ba a ranar. Kwana biyu na yi ina gwada sababbi iri-iri, kowanne ya ƙi. Na kai wa abokan sana'a a Ganhi, masu shaguna da na'urar sanyaya ɗaki, suka ce, "Patron, formate kawai, ka goge komai ka sake zubawa." In na goge, manhajar ta tafi ke nan har abada, fuskar kuma ta bi ta. Na naɗe na'urar na dawo Zongo, abinci ma ya ƙi shiga.

Rana ta uku da hantsi Hajiya Memuna ta zo da kanta. Doguwa ce, ba ta da hayaniya, ta bar rumfarta a lokacin da kasuwa take ci. Na share mata wannan bencin da kuke zama a kai. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗana, Tijani ya ce wai pilot ne ya hana aikin. Wane ne shi? In a Kajehun yake, a gaya min gidansa in je in roƙe shi da kaina."

Da wata rana ce da na yi dariya. Na rasa yadda zan fassara mata, sai na tuna matar direba ce. Na ce, "Hajiya, ba mutum ba ne. Amma ki ɗauka direba ne a cikin na'urar. Shi yake ɗauko hoto daga cikinta ya kawo shi kan gilashi. An sauya shi, sabon kuma ya kasa."

"To tsohon yana ina?"

Na ce, "Na sallame shi, Hajiya."

"Laifi ya yi?"

"Bai yi ba. Tsoho ne kawai."

Ta gyara mayafinta. Ba ta yi min faɗa ba, sai ta shiga ba ni labari kamar wadda ta zo hira. Ta ce akwai shekarar da Alhaji ya kwanta zazzaɓi, mai motar ya ɗauko wani matashin direba, sabon lasin, mai karatu, ya ba shi makulli. Motar ba ta kai Parakou ba ta tsaya cak. Makanikai suka taru a kanta kwana biyu, suka ce injin ya mutu. Alhaji ya tashi da zazzaɓinsa ya bi su a motar haya. Ya shiga, ya ɗan jijjiga giya, ya taka wani abu sau biyu, ta tashi.

"Tsohuwar mota ce," in ji ta. "Giya ta biyu ba ta shiga sai an lallashe ta, shi kaɗai ya sani. Yaron nan bai yi laifi ba, motar ce ba ta san hannunsa ba." Ta dube ni. "Na'urar nan sabuwa ce?"

"Tsohuwa ce, Hajiya."

"To a dawo da tsohon direba mana, ɗana."

Kunya ta rufe ni. Matar da ba ta taɓa kunna kwamfuta ba ta faɗi abin da na kwana uku ina kauce masa. Kuma ba maganarta kaɗai na ji ba, na ga Baba Lawali ya cire tabarau.

Faɗar ta fi yin sauƙi. Kamfanin da ya ƙera na'urar ya daɗe da cire pilot ɗinta daga shafinsa. Jakar faya-fayaina babu shi. Hanya ɗaya ta rage, in sami 'yar'uwarta, iri ɗaya, lamba ɗaya, wadda ba a taɓa sabunta ta ba, in ciro daga cikinta. Na rubuta lambar a tafin hannuna da biro na hau zem. Kwana biyu ina bin rumfunan masu tsofaffin kaya a Dantokpa cikin yayyafi, ina juya matattun kwamfutoci ina duba gindinsu kamar mai sayen kaji. Lambar ta wanke sau uku ina sake rubutawa. Rana ta biyu da azahar na tsaya sayen goro wurin wata tsohuwa a bakin layin, sai na ga farantin goron a kan wani baƙin abu yake don kada damshi ya taɓa shi. Na ce ta ɗaga. Ita ce, gilashinta a fashe, rabin maɓallanta sun zube. Tsohuwar ta ce jikanta ne ya tsinto mata, kuma ba za ta rabu da ita ba sai na kawo mata abin ɗora faranti. Na je na samo mata katako mai kyau, muka yi musaya, kowa yana ganin shi ya ci riba.

A shago na kwance ta da sukundireban Baba Lawali, na ciro diskinta ina bismilla, na jona shi da tawa na'urar. Ya yi ƙara sau biyu kamar zai ƙi, sannan ya buɗe. Pilot ɗin yana nan a inda kamfani ya ajiye shi tun ranar farko, babu wanda ya taɓa shi. Na kwafe shi wuri uku. Na tayar da na'urar Tijani ta hanyar da take tashi da ƙaramin ƙarfi ba tare da kowane pilot ba, na cire sabon, na saka tsohon da hannu, na hana ta sake sauko da komai da kanta. Na kashe, na kunna. Ban fara da hoton Alhaji ba. Na nemi wani hoto a cikin aikin Tijani na gwaji, sai ga hoton aurena. Manhaja ta buɗe, ga ni nan tsaye da idanun ɓarawon akuya. Ban taɓa murnar ganin hoton nan ba sai ranar.

Washegari da safe Tijani ya zo da Hajiya. Na juya mata gilashin, Tijani ya zauna a gaban na'urar. Hoton ya buɗe a hankali daga sama zuwa ƙasa, hula, goshi, ido, baƙon nan dai da ta ƙi. Tijani ya fara ɗaga shimfiɗun ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga ta riga, tabon ruwa ya fito a kafaɗa. Ya ɗaga ta hula, gefenta ya ɓare. Ya ɗaga ta ƙarshe, wadda ya gyara fatar fuska da ita. Fuskar ta cika da ɗigo-ɗigo da ƙuraje na ruwa, sai ga wani ɗan siririn layi a ƙarƙashin idon hagu, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba.

Hajiya ta miƙo yatsa ta ɗora a kan gilashin. Ni da nake hana kowa taɓa gilashi, na ƙyale ta.

"Ga shi," ta ce.

Tijani ya ce, "Hajiya, wannan ai karcewar ruwa ce. Yini guda na yi ina goge ta."

"Ba ruwa ba ne. Ni ce." Ta yi 'yar dariya, hawaye yana zuba. "Watanmu biyu da aure. Ya dawo daga Yamai ban sani ba, ya laɓaɓo ta bayana ina tankaɗe, wai zai ba ni tsoro. Na juyo da hannu, awarwarona ya yanke shi. In abokansa sun tambaya sai ya ce ƙofar mota ce. Har ya rasu babu wanda ya sani sai ni da shi."

Tijani ya cire hularsa ya rasa inda zai ajiye. Ni kuwa na ji tausayinta ya kama ni, sai na shiga gyara wayoyin da ba su buƙatar gyara.

Ta daɗe yatsanta yana wurin. Sannan ta ce, ba da mu take ba, "Ashe ban manta ba."

Da ta share fuska ta koma 'yar kasuwarta sak. Ta ce wa Tijani, "Ka gyara hula, ka gyara riga, ka cire ƙurajen nan. Amma wannan ka bar min abina." Ya bar mata, kuma a wannan karon sai da na tsaya a kansa ya ajiye asalin daban. Ita ce ta je ta gaya wa matan layin atamfa cewa Isufu ya je har cikin kasuwa ya nemo tsohon pilot ya dawo da shi bakin aiki. Kafin sati ya zagayo sunana na yanka ya ɓace.

Tun daga ranar na koma sayen madarar gwangwani, ko da ba na sha. Su ne kuke gani a jere a kan katakon bayana kuna dariya. Duk na'urar da aka kawo, kafin in taɓa pilot ɗinta sai na kwafe tsohon a 'yar kile, wato filashin ajiyar bayanai, na jefa a gwangwani, na rubuta sunan mai ita. Ban ce sabo ba shi da kyau ba, sau da yawa shi ne maganin. Amma ku fara tambayar mai na'ura me ya canza, yaushe ya canza, da abin da yake ciki wanda ba shi da na biyu. In wata ya cika bai dawo ba, sai ku share kile ɗin ku ba wani.

Makon jiya ɗayanku ya ɗauko wani gwangwani mai tsatsa daga can ƙarshen layi, ya ce, "Baba, wannan ai na'urarsa ma babu ita a duniya, a zubar?" Gaskiyarsa. Shi ne gwangwanin farko, wanda na ajiye tsohon direban nan na Hajiya a ciki. Kwamfutar Tijani ta daɗe da mutuwa. Hajiya Memuna ma ta rasu shekaru kaɗan bayan nan, Allah ya ji ƙanta, hoton yana ɗakin 'yarta yanzu da ɗan layinsa a ƙarƙashin ido. Watanta guda ya cika tuntuni, kuma ba ta dawo da ƙorafi ba. Na karɓi gwangwanin na goge shi da gefen rigata, na mayar da shi inda yake.